Yadda Ake Gina Labarin Ban Tsoro a Kan Gada: Jagora ga Marubutan Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Sifawa da Boɗinga ta nufi Shagari, ta wuce Tambuwal har Jega, ya san hira takan ɗan tsaya a cikin mota idan aka tunkari gada da dare a tsakiyar damina. Direba ya rage gudu, wani ya yi bisimilla a hankali, mai jariri ta ƙara rungume ɗanta. Da an sauka sai hira ta ɗora daga inda ta tsaya. Wannan ɗan shirun shi ne jarin marubucin labarin ban tsoro, kuma a ƙofar gidansa yake.

Matasan marubutanmu da dama, idan suka tashi rubuta irin wannan labari, sai su aro kayan aiki daga finafinan Indiya da na Amurka: tsohon gidan sama da aka ƙaurace wa, mace mai dogon gashi da farar riga, akwatin gawa mai buɗe kansa. Mai karatu a Dingyaɗi ko Kajiji bai taɓa kwana a irin wannan gida ba, ba a kuma binne nasa a akwati, don haka yakan karanta ya wuce gabansa bai faɗi ba. Amma ya taɓa ƙetare ruwa, ya kuma san yadda gwiwa ke yin sanyi idan aka ce kwalbatin gaba ta cika ta tumbatsa. Wannan jagora ta ɗan'uwa marubuci ce da 'yar'uwa marubuciya masu son su ɗauki gadar yankinsu su gina labarin da zai hana mai karatu barci, ba tare da sun yi wa kowa ƙazafi ko sun taɓa aƙida ba.

Abin da ya sa gada ke tsorata mutum

Wanda ke kan gada ya baro tudun da ya sani, bai kuma isa wanda ya nufa ba. Ba shi da dama, ba shi da hagu, sai gaba ko baya. A ƙarƙashinsa akwai abin da ba ya gani, ransa kuma yana rataye ga aikin magina waɗanda bai taɓa sani ba. Da wuya ka sami wani wuri da ya tara waɗannan duka a cikin taku ashirin.

Shi ya sa al'ummu da yawa suka kai abin tsoronsu kan gada. A Turai akwai tatsuniyar gadar da Shaiɗan ya gina bisa sharaɗin a ba shi ran farkon mai ƙetarewa, sai mutanen gari suka kora dabba ta fara hawa. A Amurka, labarin da Washington Irving ya wallafa a 1820 game da mahayin doki marar kai, a bakin gada ya kai ƙololuwarsa.

Mu kuwa namu ya fi wannan zurfi. Tun muna makarantar allo muke jin bayanin Siraɗi, gadar da za a gitta a kan wuta ranar Alƙiyama, wadda wasu za su wuce ta cikin ƙiftawar ido, wasu da rarrafe, wasu su faɗa. Ƙasar nan kuma ƙasar wa'azi ce: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Masu waƙen wa'azi na wannan gida sun san ba a girgiza zuciya da kalmar "tsoro" kawai. Sukan jero matakai ɗaya bayan ɗaya, su ambaci abin da ido zai gani da abin da jiki zai ji, su kuma bar ƙofar tsira a buɗe don mai sauraro ya ci gaba da sa rai. Wannan dabarar za ka koya daga gare su. Shi kansa al'amarin Lahira kuwa ba fagen ƙage ba ne, kada ka taɓa shi.

Mataki na farko: zaɓi gada ɗaya, ka je ka san ta

Gani ya kori ji. Ba sai babbar gada ba. Kwalbati mai baki biyu a hanyar ƙauye, ko kadarkon itace da manoman fadama suka gitta a kan rafi, ya ishe ka. Abin da ake so shi ne ka san ta fiye da yadda mai wucewa a mota ya san ta.

Ka je mata a lokuta daban-daban. Da rani, a watan Maris ko Afrilu, yawancin rafukan yankin nan yashi ne zalla, kana iya sauka ka shiga ƙarƙashi. Da sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, hazo kan rufe ɗaya ƙarshen har ka ga mutum yana fitowa daga cikinsa kaɗan-kaɗan, kai tukun sannan kafaɗu. A watan Agusta kuwa ka tsaya daga nesa ka kalli jan ruwa yana tafe da karan gero, rassan itace da mushen dabba. Ka kuma ga gadar da hantsi, da almuru, da bayan isha'i idan akwai abokin tafiya kuma hanyar lafiya take.

Idan ka shiga ƙarƙashi da rani, ka ba wurin lokaci. Abin da za ka fara ji shi ne sanyi, ko da kuwa rana na dukan ƙwaƙwalwa a waje. Sannan wari: kashin jemage, laka da ta bushe ta tsattsage, fitsarin awaki. Ɗaga kai ka dubi rufin. Za ka ga inda siminti ya ɓare, rodi ya fito ya yi tsatsa, tsatsar ta zubo ja a jikin bango. Za ka ga gidajen zanzaro, da layin laka da ruwan bara ya bari a bango, wani lokaci sama da tsayinka. Duba kusurwa, inda ruwa ke ajiye abin da ya kwaso: leda, tsumma, fasasshiyar ƙwarya, takalmin yaro ƙafa ɗaya. Ka jira har tirela ta bi ta sama, ka ji yadda ƙasa ke rawa a tafin ƙafarka, ƙura na zubo maka a ka. Ka yi magana ka ji yadda muryarka ke dawo maka. Duk ka rubuta a littafinka nan take, kada ka bari sai ka koma gida.

Ka ƙirga abubuwa: taku nawa ne daga wannan baki zuwa wancan, ramuka nawa ne a kwalta, ƙarfen gefe nawa ya rage, wanne mota ta lanƙwasa. Waɗannan ƙididdiga za su yi maka amfani a gaba.

Rigakafi ya fi magani. Kada ka sauka ƙarƙashin gada da damina ko da sama ta yi wasai, domin ruwan da aka yi a wani gari mai nisa yana iya isowa ba sallama. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, yana ma iya jan ƙaramar mota. Ka riƙe sanda saboda maciji. Inda kuma jami'an tsaro suka kafa shinge, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai da izininsu.

Mataki na biyu: saurari mutanen wurin

Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da gaishe da mai gari ko mai unguwa, ka gaya masa kai marubuci ne kuma ƙagaggen labari kake son rubutawa. Daga nan ka nemi waɗanda rayuwarsu ta haɗu da wurin: direbobin tasha, 'yan kabu-kabu, masunta, masu fito, makiyayan da ke shayar da shanu, mata da 'yan mata masu wanki ko ɗiban itace, da dattawan da suka san wurin tun yana mashigi kafin a yi gada.

Kada ka ce, "Baba, akwai aljanu a nan?" Wannan tambaya takan sa dattijo ya kame bakinsa, ko kuma yaro ya shirya maka abin da yake jin kana son ji. Ka ce, "Baba, kafin a yi gadar nan yaya kuke ƙetarewa?" Ka ce wa direba, "Wace shekara ce ruwa ya fi ba ku wahala?" Ka ce wa tsohuwa, "Inna, me akan hana yara yi a nan?" Daga amsar wannan ta ƙarshe ake samun zinariya, domin hani shi ne ƙashin bayan labarin ban tsoro. Ka riƙe yadda suka faɗi maganar, da Sakkwatancinsu. "Gadag ga" da "mi kaka biɗa" suna da nauyin da daidaitacciyar Hausa ba za ta ba ka ba a bakin tsohon masunci.

Mataki na uku: ba tauraronka dalilin da zai sa dole ya ƙetare

A nan labarai da yawa ke faɗuwa. Idan mai karatu ya ce a ransa, "To ya koma gida mana," ka rasa shi. Tsoro yana farawa ne daga dole. Misali, matar tauraron na naƙuda, ungozoma ta ce sai asibiti, asibitin kuma yana wancan ƙetaren. An aiko cewa mahaifinsa na kan gargara yana kiran sunansa. Ɗan kabu-kabu ne wanda mai babur zai karɓe makulli gobe idan bai cika kuɗin mako ba. Yarinya ce da kishiyar uwa ta ce kada ta dawo sai da itace. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mai karatunmu ya san shi, wani ma ya taɓa shiga irinsa.

Ka kuma toshe sauran hanyoyi. Zagaye yana da nisa kuma mai ya ƙare, mai fito ya ɗaure jirginsa ya tafi gida, waya ba ta da caji. Sannan ka ɗora masa wani nauyi a zuci: alkawarin da ya saɓa, amanar da ya ci, ko wani da ya taɓa bari a bakin ruwan nan bai taimaka ba. Abin da ke jiransa a gada ya kasance yana da alaƙa da wannan nauyin. In ba haka ba, dodonka zai zama baƙo a labarin.

Mataki na huɗu: zaɓi abin tsoro ɗaya, ka kafa masa ƙa'ida

Hanyoyi uku ne a gabanka, ka ɗauki ɗaya.

Ta farko, gadar kanta. Ruwa yakan riƙa cin ƙasar da ke gindin ginshiƙi shekara da shekaru alhali sama lafiya lau take a ido. Sau da yawa ma ba tsakiyar ke fara tafiya ba, cikon ƙasar da ya haɗa titi da gada ne ruwa ke kwashewa, ya bar kwalta a rataye ba komai a ƙarƙashinta. Mutanen Sakkwato ba su manta da watan Satumba na 2010 ba, lokacin da ambaliyar gulbin Rima ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har karatu ya tsaya. A Amurka, ranar 15 ga Disamba 1967, gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu, bincike kuma ya gano cewa 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda ta jawo haka. Mutanen yankin sun danganta abin da wata halitta mai fukafukai da suka ce sun riƙa gani kafin ranar, har John Keel ya rubuta littafi a kai a 1975. Darasin da ke nan shi ne labari ya fi ƙarfi idan yana da bayani biyu, na injiniya da na mutanen gari, mai karatu ya rasa wanne zai kama.

Ta biyu, abin da ke ƙarƙashi. Al'adarmu ba ta rasa su ba: 'yan ruwa, iskokin da ake cewa suna zama a tsamiya ko kuka ta bakin rafi, Dodon tatsuniya, da kada wanda shi ba ya buƙatar ƙage.

Ta uku, wanda ka haɗu da shi a sama: fasinjan da ya tsayar da kai a bakin gada, mai neman taimako da motarsa ta mutu, ko muryar wani naka da ke kiranka daga baya.

Kowanne ka ɗauka, ka ba shi ƙa'ida guda mai sauƙi. Hane-hanen da muka tashi da su sun isa: ba a amsa kira da dare idan ba a ga mai kiran ba, ba a fito da baki da dare, ba a barin yara waje da magariba, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Ko ka ƙirƙiro taka a kan wannan salo, misali duk wanda ya hau gadar bayan isha'i ba ya waiwayawa har ya sauka. Ka sanar da mai karatu ƙa'idar tun a shafin farko, ta bakin wani da ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Daga nan aikinka shi ne ka matsa wa tauraron har ya zama karya ƙa'idar ce kaɗai mafita a idonsa. Kuma da zarar ka kafa ta, kai ma ta ɗaure ka. Kada dodonka ya yi a shafi na tara abin da ka ce ba ya iyawa a shafi na biyu.

Mataki na biyar: tsara labarin bisa ƙetarewa uku

Tatsuniyoyinmu sun saba da uku, kunnen mai karatu ma haka. A ƙetarewa ta farko, da rana tsaka, komai lafiya. A nan za ka nuna fasalin wurin: ramukan kwalta guda huɗu, lanƙwasasshen ƙarfe, mai sayar da rake a bakin gada, kukan kwaɗi. A ta biyu, da almuru, abu ɗaya tak ya sauya. Mai rake ba ya nan amma wuƙarsa na kan tire, ko tauraron ya ƙirga ramuka ya sami biyar. A ta uku, da dare, sai ka saki abin da ka ɗaure.

A wannan ta ukun ka ja lokaci. Gadar da ake wucewa cikin daƙiƙa goma tana iya cin shafi uku. Ka raba ta gida uku: hawa, inda har yanzu ana iya komawa, tsakiya, inda gaba da baya suka yi daidai, da sauka, inda mai karatu ya fara sakin numfashi, wanda kuma nan ne ya fi dacewa ka buge shi. Ga misalin tsakiya:

Fitilar babur ta haska ƙarfen da mota ta lanƙwasa tun bara. Ya soma ƙirga ramuka yadda ya saba. Na ɗaya. Na biyu. Kwaɗi sun cika kwarin da kuka ta kowane gefe. Tsohuwar da ya ɗauko ba ta da nauyi, tun daga tasha ya lura, har yakan ɗan girgiza babur ya ji ko tana nan. Na uku. Da tayar gaba ta faɗa na huɗu sai kwaɗin suka yi tsit. Inji ya fara nishi, bayan babur ya lotsa kamar an aza buhun gero uku. Ya ji ɗumin numfashi a wuyansa ta dama, ya kuma ji wani ta hagu. "Ɗana," in ji tsohuwar, "kak ka waiga. Yanzu ba mu biyu na ba."

Duba abin da aka yi a nan. Ba a ambaci aljani ba, ba a ce tsoro ya kama shi ba, ba a kuma siffanta fuskar kowa ba. Ramukan da ka ƙirga a ziyararka sun zama agogon labarin. Kukan kwaɗi da aka saba da shi ya zama abin tsoro a lokacin da ya ɗauke. Nauyi da numfashi abubuwa ne da duk mai tuƙa babur ya san su a jikinsa. Tsohuwar kuma ta ce "ɗana", ta yi magana da tausayi, wanda ya sa mai karatu bai san ko tana kare shi ba ne ko ita ta jawo masa.

Mataki na shida: kula da harshe

Ka rage kalmomin da suka gaji da aiki. "Wani irin mugun tsoro", "wata irin halitta mai ban tsoro" da "kwatsam ba zato ba tsammani" ba sa tayar da tsikar kowa. Maimakon ka faɗi sunan abin da ya ji, nuna abin da jikinsa ya yi: yawu ya ƙafe, ya fara karanta Ayatul Kursiyyu ya kai tsakiya ya rasa ci gabanta, hannunsa ya ƙi sakin totur.

Hausa na da arzikin amsa-kama: tsit, tsamo-tsamo, sululu, tsulum, cak, wuf. Ka yi amfani da su da awo, ɗaya a inda ya dace ya fi biyar a jere. Lokacin kwanciyar hankali ka saki jimla ta yi tsawo. Idan abu ya matso ka gajarta ta. Kunne da hanci da fata sun fi ido aiki a cikin duhu, don haka ka ba su rabo mai yawa. Abin tsoron kuwa ka nuna gefensa kawai: sawu a laka da ya nufi ruwa bai dawo ba, jiƙaƙƙen wurin zama, hannu a kan ƙarfen gefe ta wajen da babu wurin tsayawa. Abin da mai karatu ya ƙarasa da kansa ya fi wanda ka zana masa tsoratarwa.

A maganar taurari, kowa ya kira kowa yadda ake yi a gida: Baba, Inna, Kawu, Malam, yaro, ɗiyata. Ka bar Sakkwatanci a bakinsu, bayanin marubuci kuma ya tsaya a daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Maraɗi su bi ka.

Mataki na bakwai: rufe labarin

Ka guji "ashe mafarki ne", domin cin amanar mai karatu ne. Ka kuma guji kawo wani a shafin ƙarshe ya zauna ya warware komai dalla-dalla. Tauraron yana iya tsira, amma ya biya wani abu: ya rasa murya, ya bar sana'ar, ya fito ya faɗi laifin da ya daɗe yana ɓoyewa. Addu'a tana da gurbi a labarin Bahaushe, kuma gaskiya ce ta rayuwarmu, sai dai ka sa ta fito daga halin tauraron tun farko, kada ta faɗo a layin ƙarshe don kawai marubuci ya rasa hanyar fita. Ka amsa babbar tambayar labarin, ka bar ƙarama ɗaya mai karatu ya tafi da ita.

Amanar da ke wuyanka

Wannan sashe ya fi duk na baya nauyi. A watan Afrilu na 2022 jirgin ruwa ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, rai 29 suka salwanta, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. A watan Mayu na 2023 irin haka ta sake faruwa da yaran Dandeji, aƙalla 15 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Iyayen nan suna raye, wasunsu za su iya jin labarinka a waya ko a rediyo. Kada ka mayar da 'ya'yansu fatalwa, kada ka ari sunan ƙauyensu, kada kuma ka ɗora wa iskoki abin da rashin amintacciyar hanyar ƙetarewa ya jawo. Idan wannan rashi ya taɓa zuciyarka, kuma ya kamata ya taɓa, ka ƙagi gari da gulbi naka, ka rubuta labarin da zai sa mai karatu ya tambayi dalilin da ya sa har yau yarinya ke shiga jirgi ba rigar ruwa don ta samo itace. A yankinmu, wurin da babu gada ya fi gada cin rai, kuma labarin ban tsoro yana iya faɗin wannan da ƙarfin da rahoto ba zai iya ba.

Na biyu, ka ji tsoron jita-jita. A 2019, lokacin da ake gina gadar Padma a Bangaladash, an yaɗa a Facebook cewa aikin na buƙatar kawunan yara. Mutane suka riƙa far wa baƙin da suka zarga da satar yara, aka kashe aƙalla mutum 8 da ba su ji ba ba su gani ba. Labarin da ka sa wa sunan gada ta gaske, aka yanko shi aka tura a WhatsApp ba tare da sunanka ba, gobe zai zama "an ce". Saboda haka ka sauya sunan gadar da na ƙauyen, ka rubuta a sama ƙarara cewa ƙagaggen labari ne. Kada ka siffanta wata tsohuwa ta gaske da maita, kada ka jingina mugun abu ga wata ƙabila, sana'a ko masu lalurar taɓin hankali. Wanda ya ba ka labari a bakin gada kuma, ka sakaya shi yadda ko maƙwabcinsa ba zai gane shi ba.

Gyara da fitarwa

Idan ka gama, ka ajiye rubutun mako guda. Sannan ka tara mutum uku ko huɗu bayan isha'i ka karanta musu da baki. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, ka dai lura da su. Inda wani ya ɗauki waya, akwai abin yankewa. Inda aka yi dariya ba da nufinka ba, akwai gyara. Inda aka yi shiru har ka ji numfashinsu, kada ka taɓa ko wasali. Ka kai wa direba ko masunci ya duba maka abin da ya shafi sana'arsa, domin kuskure ɗaya game da babur ko jirgi ya isa ya rushe yardar mai karatu. Ka daidaita ƙa'idojin rubutu, musamman ɓ, ɗ, ƙ da rabon kalmomi. Ɗaliban sashen harsunan Nijeriya na jami'ar Sakkwato za su iya taimaka maka.

Gajeren labari mai kalmomi 1,500 zuwa 3,000 ya ishi gada ɗaya da dare ɗaya. Kana iya fitar da shi a zaurukan marubuta na WhatsApp da Facebook, ko Wattpad, ko ka ba masu karanta littattafai a YouTube, inda irin wannan labari ke karɓuwa sosai saboda kunne yake so. Mata kuma suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016.

Marubutan Boɗinga, Sifawa, Dandin Mahe da Shagari, kayan aikin nan naku ne, kuma babu wanda zai zo daga wani wuri ya rubuta su yadda za ku rubuta. Ku ɗauki littafi da biro tun kafin ruwa ya sauka, ku je gadar da ta fi kusa da ku, ku gaishe da mutanenta, ku rubuta abin da kuka gani da gaskiya, ku kuma kiyaye mutuncin waɗanda ruwa ya ci. Allah Ya yi wa alƙalaminku albarka, Ya ƙetarar da mu lafiya.